Yammaci Ɗaya a Duwatsun Riruwai: Waiwaye Kan Tarihin Kuza

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna jin labarin Riruwai a bakin mutane, mun kuma daɗe muna rubuta sunanta a kan allo duk lokacin da darasi ya biyo da mu ta kan ma'adinan ƙasar nan, amma a cikinmu mutum ɗaya ne kawai ya taɓa taka ƙafarsa can. Wannan ya sa da aka ba da ɗan hutu a ƙarshen damina, muka haɗa kuɗin mota, malamai shida da ɗalibai takwas na ƙungiyar tarihi da adabi ta makarantarmu, muka kama hanya. Niyyarmu ba ta wuce mu hau dutse, mu sha iska, mu nuna wa yara ramukan kuza ba. Sai dai abin da muka dawo da shi ya fi haka nauyi, shi ne kuma dalilin wannan rubutu.

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu fara da amsa laifinmu. Shekara da shekaru muna koya wa ɗalibai cewa Turawa ne suka gano kuza a Arewacin Nijeriya a farkon ƙarni na 20, yara suna haddacewa, suna rubutawa a jarrabawa, mu kuma muna ba su maki. Shekarun da muke ba su daidai ne, sunayen Turawan ma daidai ne. Kalmar nan ta "ganowa" ce ke da gyara, kuma ba mu ji nauyin kuskuren sosai ba sai da muka tsaya a inda abin ya faru.

Hanya da Wurin

Riruwai tana cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, can ƙarshen kudancin Jihar Kano, inda jihar ta yi tsini ta shiga tsakanin Jihar Kaduna da Jihar Bauci. Mai zuwa daga birni zai bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ya ratsa Dajin Falgore, sa'an nan ya bar titin Jos ya karkata zuwa duwatsu. Mun yi sammako don mu ratsa dajin ido na ganin ido, kamar yadda direbobin hanyar suka ba mu shawara.

Wanda ya saba da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano zai yi mamaki idan ya iso nan. A wannan yanki tudu mafi tsayi a jihar yake, wajen mita 1,200 daga doron teku, kuma nan ya fi ko'ina a jihar samun ruwan sama. Masana ilimin duwatsu sun ce tsaunukan Riruwai ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta, wanda tsakiyarsa ta rufta, ya bar duwatsu a kewaye kamar bakin akushi. A ƙiyasinsu abin ya kai shekara miliyan 170. Irin dutsen nan ɗaya ne da na ƙasar Jos, shi ya sa kuza ta zama ta gidan duka biyun. Ruwan sama na dubban shekaru shi ya riƙa farfasa dutsen, yana kwaso ƙwayoyin kuza yana zubewa a cikin rafuka da kwaruruka, inda mutum zai iya samunsu da ƙwarya da hannunsa.

Bayan mun yi sallar azahar a gari, aka haɗa mu da wani dattijo wanda ya yi aiki a ramin kamfani yana saurayi, mahaifinsa kuma ya ɗauki kwano a zamanin Turawa. Shi ya shige gaba da sandarsa, mu muna biye muna haki.

Darasi a Bakin Rafi

Hanyar ta fara ne ta cikin gonakin dawa da masara, daga nan ta shiga kurmi. Akwai ɗorawa da kaɗanya da maje da doka, ciyawa kuwa ta kai mana kafaɗa. Ba mu yi rabin sa'a ba muka iso wani rafi, dattijon ya tsaya, ya karɓi ƙwaryar da ya sa wani ɗalibi ya riƙo tun daga gida. Ya ɗebi tsakuwa da yashi daga gindin wani dutse, ya tsoma ƙwaryar cikin ruwa, ya shiga juya ta a hankali yana karkatawa, farin yashi yana fita ta baki. Can sai ga wani ɗan baƙin gari ya kwanta a gindin ƙwaryar, bai fi cikin cokali ba. Ya miƙa wa yaran ya ce, "To 'ya'yana, ga abin da ya kawo Bature."

Hikimar wannan aiki a nauyi take. Ƙwayar kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, saboda haka ruwa yana tafiya da yashin ya bar ta a ƙasa. Duk manyan injinan da kamfanoni suka kawo daga baya, da dogayen kwatamai na katako da suka riƙa zuba ƙasa a ciki, a kan wannan hikima suka dogara. Girman aikin ne ya bambanta, amma dabarar ta mai ƙwarya ce.

Kusa da rafin dattijon ya nuna mana wata bishiyar ƙirya, ya tambayi yaran ko sun san amfaninta. Ɗan wani maƙeri da ke cikinsu ya ce gawayinta ya fi kowane gawayi zafi da daɗewa. Amsar ke nan. Dalma, wato ƙarfen da ake samu daga kuza, ba ta da wuyar narkewa, digiri 232 ya ishe ta. Amma raba ta da baƙar ƙwayar da take ciki yana bukatar wuta mai zafin da ya haura digiri 1,000, tare da gawayi mai yawa. Ashe dajin da muke tafiya a ciki yana cikin kayan aikin sana'ar. Inda Allah ya haɗa kuza da ruwa da itace wuri guda, nan masu narki za su kafa gari, kuma abin da ya faru a Riruwai ke nan.

Masu Narkin Liruwe

A tsofaffin takardun Turawa ana kiran garin nan Liruwen Kano, don a bambanta shi da ƙaninsa Liruwen Dalma da ke ƙasar Bauci. Tun kafin wani Bature ya san hanyar nan, mutanen Liruwen Kano sun shahara da haƙar kuza da narka ta. A cikin ƙarni na 19, lokacin da hare-haren Ningawa suka addabi kudancin ƙasar Kano, masu sana'ar suka yi ƙaura, daga bisani suka kafa Liruwen Dalma, wadda ta zama cibiyar narkin har zuwan Turawa.

Turawan farko da suka ga aikin da idonsu sun bayyana yadda ake yin sa. Ana wanke kuza a rafi, a daka ta, a zuba ta tare da gawayi a cikin murhu na yumɓu, a yi ta zuga wuta da zugazugin fatar akuya har dalma ta narke ta gangaro ta wata 'yar hanya zuwa wani rami. Daga nan a sake narka ta don a tace. Sai kuma abin da ya fi ba baƙi sha'awa, wato yadda ake zuba ta. Ana jera tsinkayen ciyawa a cikin damammen toka ko laka, a zare su, su bar siraran ramuka, a tsiyaya narkakkiyar dalma a ciki. Idan ta huce sai a fito da ita tamkar tsinken tsintsiya, tsawonta kamar ƙafa guda. Haka ake ɗaure ta dami-dami a sayar wa fatake.

Mai karatu ya lura da dabarar da ke cikin wannan siffa. Tsinken dalma yana da sauƙin ƙirgawa, yana da sauƙin ɗauka a kan jaki, kuma maƙerin da ke bukatar kaɗan zai iya karya daidai bukatarsa. Fatake suna kai ta kasuwar Kano da ƙasar Nufe da garuruwan bakin Binuwai, maƙeran farfaru suna yin zobba da kayan ado da ita, suna kuma shafe kayan tagulla su yi fari. Wato dai akwai mai haƙa, akwai mai gawayi, akwai mai narki, akwai falke, akwai maƙeri, kowa yana cin abinci daga ƙwarya guda ta baƙin gari. Tun daga rafi har zuwa yatsan amarya, dukan aikin a hannun 'yan ƙasa yake.

Wata ɗaliba da ta yi shiru tun da muka taso, a nan ta ce, "Malam, to in kakanninmu sun iya duk wannan, me ya sa ba a faɗa mana a aji ba?" Muka dubi juna. Babu wanda ya sami amsar da ta fi cewa mu ma haka aka koya mana.

Yadda Kamfani Ya Biyo Sawu

Gaskiyar magana ita ce tsinken dalmar nan shi ya yi wa Turawa jagora. A cikin shekarun 1880 wani ma'aikacin kamfanin Turawa mai ciniki a kogin Kwara da Binuwai, William Wallace, ya ga 'yan kasuwa suna sayar da shi, ya shiga binciken inda yake fitowa. Kamfanin nan shi ne Royal Niger Company. Da gwamnatin Ingila ta karɓe mulki daga hannunsa a ranar 1 ga Janairu 1900, ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma yi masa alkawarin rabin kuɗin da za a riƙa karɓa a kan ma'adinan wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. A lura, an yi wannan rabo tun kafin a ci Kano da Sakkwato da yaƙi a 1903. An raba fatar tun kura tana raye.

A 1902, shekarar da Turawa suka ci Bauci, kamfanin ya turo wani masanin ma'adinai mai suna George Nicolaus, ya ga kuza a kogin Dilimi. A 1903 H. W. Laws ya biyo baya da rakiyar soja, ya kafa sansani, daga baya ya zauna a Naraguta kusa da inda Jos take a yau. Zuwa 1910 labari ya cika kasuwar hannun jari ta Landan, kamfanoni suka yi ta ɓullowa kamar naman kaza, kowa yana neman a yanka masa fili. Rabon ya game ƙasar Jos da Bauci da Zazzau, ya iso har duwatsun da muke tsaye a kai.

Da farko a kan mutane ake ɗaukar kuza, buhu-buhu, tafiyar kwana da kwanaki zuwa Loko a bakin Binuwai, daga can jirgin ruwa ya kai ta teku. Ganin wahalar haka aka shimfiɗa ƙaramar hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, wadda ta isa Rahama a 1912, ta kai Bukuru a 1914. Rahama kuwa ba ta da nisa da Riruwai. A 1927 babbar hanyar jirgi ta iso Jos ta Kafanchan, ƙaramar kuma aka rufe ta a 1957. Duk wannan ƙarfe da aka shimfiɗa, fuskarsa guda ce, wato bakin teku. Ɗanyar kuza ake kwasa, a kai ta Ingila, a narka a wajejen Libaful.

Yadda Wutar Ta Mutu

To ina labarin masu narkin Liruwe? Dokar ma'adinai ta Turawa ta mayar da duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa mallakar gwamnati, babu mai taɓawa sai da lasisi. Rafukan da iyaye da kakanni suke wanke kuza a ciki suka faɗa cikin filayen da aka yanka wa kamfanoni. Mutumin da jiya yake sana'arsa ta gado, yau idan aka gan shi da ƙwaryar kuza sai a ce ya ɗauki kayan kamfani. Ga kuma kayan ƙarfe masu araha da suka fara shigowa daga Turai. Murhu ba ya ci sai da kuza, kuzar kuwa ta zama ta wani. Kafin shekarun 1920 su ƙare wutar narkin gargajiya ta mutu.

Abin takaicin shi ne ilimin mutanen bai tafi a banza ba, wasu ne suka ci moriyarsa. Mutanen Liruwe su suka san kwarin da ke da kuza da wanda ba shi da ita, su suka nuna wa Turawa wuraren, su ne kuma gwanayen wanki na farko da kamfanoni suka ɗauka. Wasu daga cikinsu suka zama helumomi masu tara lebura. Mai murhu ya koma ɗan ƙwadago a kan ƙasar da ya gada. Daga nan sai da aka yi kusan shekara 40 ba a narka kuza a ƙasar nan ba, har farkon shekarun 1960 da aka kafa masana'antar narki a Jos, wadda aka fi sani da Makeri.

Wannan shi ne abin da kalmar "ganowa" take rufewa. Idan aka ce wa yaro Bature ne ya gano kuza, zai ɗauka kafin nan babu kowa a wurin sai birai, kuma ba zai taɓa tambayar abin da aka rasa ba.

Ramuka da Bariki

Muka ci gaba da hawa. Hanyar ta yi tsayi, duwatsun suna da santsi saboda ruwan da aka yi kwana biyu da suka wuce, har wani abokin aikinmu ya zame ya zauna daɓas, yara suka ƙunshe dariya. Da muka kai wani ɗan fili muka yi sallar la'asar a kan fa. Daga nan ana hango abin da kamfanoni suka bari: tarin jar ƙasa da farin yashi waɗanda har yau ciyawa ba ta rufe su sosai ba, da tafkuna masu ruwa shuɗi shar, waɗanda baƙo zai ɗauka halittar Allah ce alhali ramukan haƙa ne da ruwa ya cika. Dattijon ya gargaɗi yaran kada kowa ya matsa baki, domin gefensu a tsaye yake kamar rijiya, kuma sun sha cin dabbobi da mutane.

Hannu ne ya haƙa yawancin ramukan nan, da diga da shebur da kwano. Me ya fito da manomi daga gonarsa ya zo ɗaukar ƙasa? Babban dalili shi ne haraji, wanda Turawa suka ce sai da kuɗinsu za a biya. Da an gama girbi sai samari su kama hanyar bariki daga ƙasashen Kano da Zazzau da Katsina da Barno, har da ƙasar Faransa ta wancan lokaci, wato Nijar da Cadi, su yi 'yan makonni ko watanni su tara kuɗin haraji da na aure su koma. Wasu ba su koma ba. Su ne suka cika garuruwan kuza irin su Jos da Bukuru da Barikin Ladi, kuma zaman waɗannan sansanoni yana cikin abin da ya ba kalmar "bariki" ma'anar da muka san ta da ita a yau. A ƙasar Jos kuwa, Birom da maƙwabtansu sun yi asarar gonaki masu yawa, ramukan da aka bar musu sun fi na Riruwai yawa nesa ba kusa ba.

Ɗiban Gwamna

A zaune a kan fan nan dattijon ya ɗauko maganar da ya ji a bakin mahaifinsa, wato ɗiban gwamna. Yaranmu ba su taɓa jin kalmar ba, saboda haka muka yi musu bayani.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu suke kira Yaƙin Hitila, Japan ta ƙwace ƙasar Malaya daga hannun Ingila, Singafo ta faɗi a watan Fabrairu 1942. Malaya ita ce kan gaba a duniya wajen kuza, kuma yaƙi ba ya yiwuwa sai da dalma, domin da ita ake shafe gwangwanin abincin soja, da ita ake like wayoyin lantarki da kayan injina. Sai Ingila ta juyo kan Nijeriya. Aka kafa dokar aikin tilas, aka ɗora wa En'e-En'e adadin mutanen da kowace za ta kawo, hakimai suka ɗora wa dagatai, dagatai suka ɗora wa masu unguwa. Wanda ba shi da gata shi ake fara kamawa. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi mutum kusan 100,000 daga lardunan Sakkwato da Katsina da Zazzau da Bauci da Barno da Binuwai da wasunsu, kowane rukuni ya yi wajen wata huɗu.

Mafi yawansu tudun Jos aka kai su, wurin da sanyinsa ba irin wanda suka saba da shi ba ne, ga ƙarancin abinci da mayafi, ga bukkoki a cunkushe. Ciwon haƙarƙari da sanƙarau da gudawa suka yi ta kashe su, musamman waɗanda aka tura aikin madatsar ruwa ta Tenti. Da yawa sun gudu cikin dare. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, kuma a 1944 aka soke dokar. A 1943 ne aka fitar da kuza mafi yawa a tarihin ƙasar nan, sama da tan 17,000, amma ƙarin da aka samu bai kai yawan mutanen da aka tara ba, balle rayukan da suka salwanta.

Game da rabin kuɗin nan da aka yi wa kamfani alkawari, magajinsa United Africa Company ya ci gaba da karɓa har 1950, lokacin da gwamnatin Nijeriya ta fanshi haƙƙin da fam miliyan ɗaya, bayan 'yan kishin ƙasa sun daɗe suna ƙorafi. Wato da kuɗin talakawa aka sayi abin da tun asali nasu ne.

Bakin Rami

Zangonmu na ƙarshe shi ne wurin da dattijon ya yi aiki. Kuzar Riruwai ba a rafi kaɗai take ba. Akwai wata jijiya a cikin dutsen kansa, ta miƙe daga gabas zuwa yamma wajen kilomita 5, tana ɗauke da kuza da tutiya. A cikin shekarun 1970, bayan an kafa Hukumar Haƙar Ma'adinai ta Nijeriya a 1972, aka haɗa gwiwa da wani kamfani aka fara haƙa rami mai zurfi don a bi jijiyar ta ƙarƙashin ƙasa. An kashe kuɗi, an kawo injina, an gina gidajen ma'aikata, gari ya cika. Amma a tsakiyar shekarun 1980 aka dakatar da aikin.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Man fetur, wanda aka fara fitarwa a 1958, ya riga ya ɗauke hankalin gwamnati daga duk wani abin da ake haƙowa da wahala. Kuzar da ke kusa da sama ta yi ƙaranci, ta ƙasa kuwa tana da tsadar fitarwa. Sa'an nan a watan Oktoba 1985 majalisar da ke tsare farashin dalma a duniya ta karye, farashi ya faɗi kusan rabi cikin 'yan watanni. Shawarar da aka yanke a Landan ita ta buɗe ramukan ƙasar nan, faɗuwar kasuwa a Landan kuma ita ta ƙarasa rufe su.

Mun tsaya daga nesa muna kallon ƙarafan da tsatsa ta ci da gine-ginen da itatuwa suka tsiro a cikinsu. Dattijon ya nuna mana inda suke jeruwa da safe a ƙirga su kafin su shiga, da inda ake biyansu. Bai yi dogon bayani ba, mu ma ba mu matsa masa ba. A gefen hanya kuma mun wuce samari uku da diga da buhu, jikinsu duk jar ƙasa, suna fitowa daga wani ƙaramin rami da suka haƙa da kansu, ba katako ko ɗaya da ya tokare shi. Muka tambaye su wa suke sayar wa, suka ce akwai masu zuwa da sikeli. Muka tambaye su ko sun san a garin nan an taɓa narka ta, suka dube mu kamar muna yi musu tatsuniya.

Kammalawa

Rana ta yi ja lokacin da muka fara gangarowa, muka shigo gari ana kiran magariba, ƙafafu sun yi tsami, wandunanmu cike da ƙarangiya. Tafiyar duka ba ta wuce sa'a huɗu ba.

Abin da muka ɗauko daga dutsen nan shi ne, asarar da aka yi a Riruwai ta fi ta kuzar da aka kwashe. Kuza tana nan, ga samari suna fito da ita. Sana'ar mayar da ita ƙarfe ce ta tafi, daga baya sanin cewa an taɓa yin sana'ar ma ya bi ta. Samarin nan uku suna tsaye ne a matakin da dokar Turawa ta ajiye kakanninsu, wato su haƙa, su wanke, su miƙa wa mai sikeli, riba ta tafi inda murhu yake. Mutumin da bai san gidansu an taɓa yin murhu ba, da wuya ya yi tunanin gina wani.

Mu malamai mun ɗauki namu gyaran. Tun da muka dawo, idan darasin ya zo, daga Liruwe muke farawa, sa'an nan mu zo kan 1902. Saura 'yan'uwa marubuta. Littafin da ya fi zurfafa bincike a kan ma'aikatan kuza, wanda Bill Freund ya wallafa a 1981, da Turanci yake, jikokin mutanen da ya yi magana a kansu kuwa da Hausa suke karatu. Waɗanda aka ɗiba a 1942 kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu. Amma 'ya'yansu suna nan a ƙauyukanmu da abin da suka ji daga bakin iyayensu, waɗanda suka shiga ramin Riruwai su ma suna nan, sai dai gemu ya yi fari. Duk wanda ke da tsoho a gida ko a unguwa, ya ɗauki littafi da alƙalami ya je ya gaishe shi, ya tambaye shi wa aka ɗiba a gidansu, wa ya dawo, wa bai dawo ba, ya rubuta sunan garin da shekarar yadda aka faɗa masa, kada ya ƙara gishiri. Da haka ne za mu sami abin gina labari da waƙa da wasan kwaikwayo a kansa.

Ɗalibar nan da ta yi mana tambaya a bakin rafi ta roƙi dattijon ya bar mata ɗan baƙin garin da ya wanke, ya ƙulle mata a ƙyalle. Yana nan a cikin wata 'yar kwalba a kan teburin ofishinmu, kuma da shi muke buɗe darasin.